Tenzing Norgay, ɗan dakon da ya zama madugun hawan Everest

 Tarihin da muka ɗauko muku yau na wani mutum ne da bai taɓa shiga lakwal ba, bai iya karatu da rubutu ba har ya bar duniya. Ya bar gida yana saurayi ya tafi ci-rani, ya soma da ɗaukar kayan wasu a bayansa. Sunansa Tenzing Norgay. Ranar 29 ga watan Mayu na 1953, shi da abokin tafiyarsa Edmund Hillary, mutumin Niyu Zilan, suka zama na farko da aka tabbatar sun taka ƙololuwar Everest, dutsin da ya fi kowane dutsi tsawo a duniya.

Minti 15 kacal suka yi a can bisa, suka juyo. To amma kafin minti 15 ɗin nan, Tenzing ya yi shekara 18 yana kai da komowa a jikin dutsin. Sau shida yana zuwa bai kai ba, sai a na bakwai. Wanda ya bi tarihinsa zai ga yadda ake shirya ayarin hawan dutsi irin wannan: wa ake ɗauka, me ake ɗauka, kwana nawa ake yi kafin a ƙara gaba, da lokacin da ya kamata a haƙura a juyo.

Wane irin dutsi ne?

Mu nan mun san dutsi, tunda shi ya ba garinmu suna. Amma namu, yaro mai jini a jika yana hawa ya sauko kafin rana ta yi zafi. Dutsin da ya fi tsawo a Nijar yana cikin Bagzan, a ƙasar Abzin, mita 2,022 daga matakin teku. Everest, wanda ke kan iyakar Nepal da Tibet cikin jerin duwatsun Himalaya, ya haura mita 8,848. Ko an ɗora Bagzan huɗu bisa juna, da sauran tafiya.

Tsawon nan yana tafe da abu biyu masu kisa. Na farko iska. Duk yadda mutum ya ƙara hawa, iskar da yake shaƙa tana ƙara yin shara-shara. A wajen mita 5,500, numfashi guda yana kawo wa jiki rabin abin da yake kawowa a bakin teku, a ƙololuwar Everest kuwa kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya yi gaggawar hawa sai ciwon kai ya kama shi, da amai, da rashin barci, abinci ya fita ransa. In ya matsa, ruwa ya taru a huhunsa ko ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, ya mutu, ko da ƙato ne. Na biyu sanyi. Ɗarin da muke kuka da shi a watan Janairu wasa ne a can. Sanyin bisa yakan kai digiri 25 ƙasa da sifiri ko fiye, ga iska mai tumɓuke tanti. Yatsan da aka bari ba safa yana daskarewa ya mutu, sai dai a yanke.

Shi ya sa ba a hawansa a tashi ɗaya. Ana kafa zango, a kai kaya, a komo ƙasa a huta, a sake hawa a kafa wani zangon gaba da shi, har jiki ya saba. Aikin wata biyu ne ko fiye, kuma kowane buhun abinci, kowane tanti, kowace igiya, a bayan mutum suke hawa.

Ɗan makiyayi

An haifi Tenzing a 1914 a ƙasar duwatsun da ke tsakanin Tibet da Nepal, ya girma a ƙauyen Thame na yankin Khumbu, cikin ƙabilar Sherpa. Ba a yi masa takardar haihuwa ba, kamar dai iyayenmu da kakanninmu da aka rubuta wa an haife su wajen shekara kaza. Daga baya shi da kansa ya zaɓi 29 ga Mayu, ranar da ya hau dutsin, ta zama ranar haihuwarsa. Sunan da aka raɗa masa Namgyal Wangdi. Wani babban malamin addinin Buda na gidan ibadar Rongbuk ne ya ba da shawara aka sake masa suna.

Shi ne na 11 cikin ɗiya 13, da yawansu kuma tun suna ƙanana suka rasu. Uban makiyayi ne, yana kiwon yak, wata irin saniyar dutsi mai gashi har ƙasa, wadda ake tatsa kuma a ɗora mata kaya kamar takarkari. Yaron ya tashi yana bin garke zuwa makiyayar bisa, inda baƙo ke haki ko yana zaune. Mutanen Khumbu fatake ne kuma. Suna ƙetare wata mashiga da ake kira Nangpa La, mai tsawon fiye da mita 5,700, su ɗauko gishiri da ulu daga Tibet su musanya da hatsi a kudu. An kai shi gidan ibadar Tengboche don ya yi karatun addini, bai zauna ba. Ya taɓa gudu zuwa Katmandu ya komo. Da ya kusa shekara 20, ya bi sawun samarin yankinsu zuwa Darjilin, garin gonakin shayi a arewacin Indiya.

Kowa a Khumbu ya san abin da ke kai samari Darjilin. Tun 1921 Turawan Ingila suke tayar da ayarin Everest daga can, can suke ɗaukar 'yan dako. Aiki ne mai kuɗi in an gwada shi da kiwo, amma rai yake ci. A 1922 ƙanƙara ta rufto ta binne 'yan dako bakwai. A 1924 Turawa biyu, George Mallory da Andrew Irvine, suka nufi ƙololuwa ba su komo ba. Ayarin 1933 bai ɗauki Tenzing ba, don yaro ne kuma ba shi da takardar shaidar ya taɓa aikin. Ya zauna yana kiwon shanun wani, yana aikin ƙarfi, yana jira.

Lakwal ɗin dako

A 1935 wani Baturen Ingila mai suna Eric Shipton ya zo neman ma'aikata, ya ɗauke shi. Ya kai kaya har wajen mita 7,000 ta gefen Tibet. Ya koma a 1936, damina ta riga su, ta cika dutsin da dusar ƙanƙara, suka juyo. Ya sake komawa a 1938 tare da ayarin Bill Tilman, ya kai kaya zango na shida, kusan mita 8,300. Wannan ya sa ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabon da ake kira Damisa, wadda ƙungiyar masu hawan Himalaya ke ba 'yan dakon da suka fi kowa nisa a bisa.

Tafiya ukun nan babu wadda ta kai, amma su ne lakwal ɗinsa. A nan ya koyi ɗaurin igiya, da sarar matakala a jikin ƙanƙara da gatari, da bambanta ƙanƙarar da za ta ɗauki mutum da wadda ke rufe da rami. Ya kuma gane cewa kwanakin da dutsin ke ba da dama kaɗan ne, 'yan makonni a watan Mayu, tsakanin lafawar iskar hunturu da faɗuwar damina. Ayarin da bai gama kai kayansa bisa kafin lokacin ba ya yi asarar shekara, kamar manomin da ruwan shuka ya same shi bai tanadi iri ba.

Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da hawan dutsi. Tenzing ya tafi Chitral, a ƙasar Pakistan ta yau, ya yi shekaru yana yi wa wani hafsan soja aiki. Ɗansa namiji ya rasu yana ɗan shekara huɗu. Matarsa Dawa Phuti ta rasu a can a 1944, ta bar masa 'yan mata biyu ƙanana. Ya komo Darjilin da su, ya auri Ang Lhamu, 'yar uwar marigayiyar. A shekarun da babu aikin dutsi, ita ta riƙe gidan da aikin rainon ɗiyan masu hali.

Tafiya ba guzuri

A 1947 wani haifaffen Kanada mai suna Earl Denman ya zo Darjilin da niyyar hawan Everest, ba izinin hukumar Tibet, ba kuɗin kirki, ba kayan kirki. Tenzing ya san tafiyar ba mai kaiwa ba ce, amma son dutsin da rashin aiki suka sa ya bi shi, tare da wani Sherpa mai suna Ang Dawa. Su uku suka shiga Tibet a ɓoye. A wajen mita 6,700 iska da sanyi suka fi ƙarfin tantinsu da tufafinsu. Abin da ya cece su, Denman ya yarda a juyo tun da sauran ƙarfi a jiki.

A shekarar nan kuma ya bi wani ayarin mutanen Suwis zuwa duwatsun Garhwal na Indiya. Shugaban 'yan dakonsu, Wangdi Norbu, ya faɗo ya ji mummunan rauni, aka ba Tenzing matsayinsa. Su can sardar suke cewa, mu madugu za mu ce. Shi ke zaɓen mutane, shi ke cinikin ladansu, shi ke raba kaya don kada a danne wani, shi ke sayen abinci a ƙauyukan hanya, shi ke tafinta tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Tenzing yana jin harshen Sherpa, da na Tibet, da na Nepal, da Hindustanci, da Ingilishin da ya tsinta a bakin aiki. In an ƙwari 'yan dako shi suke tuhuma, in sun yi bore shi baƙi ke tuhuma.

Ya ga mutuwa a wannan matsayin. A ƙarshen 1950 ya raka wasu Turawan Ingila uku dutsin Nanga Parbat cikin hunturu, lokacin da ba na hawa ba. Biyu daga cikinsu suka nace suka ci gaba, ba a sake ganinsu ba. A 1951 wasu Faransawa biyu na ayarin da yake yi wa madugu suka ɓace a dutsin Nanda Devi.

Saura mita 250

Da sojojin Sin suka shiga Tibet a 1950, hanyar arewa ta rufe. A daidai lokacin Nepal ta buɗe ƙofarta ga baƙi, sai hanyar Everest ta koma ta kudu, ta Khumbu, inda Tenzing ya yi kiwo yana yaro. A 1952 mutanen Suwis suka samu izini, suka ɗauke shi madugu, suka kuma sa shi cikin sahun masu hawa kamar kowane ɗayansu. Wannan karramawar bai taɓa mantawa da ita ba.

A tafiyar ya yi abota da Raymond Lambert, wani mutumin Janeba da sanyi ya cinye wa yatsun ƙafa tun shekarun baya. Daren 27 ga Mayu su biyu suka kwana a wajen mita 8,400 cikin ɗan tanti, ba buhun barci, ba resho. Da kyandir suka narka 'yar ƙanƙarar da suka jiƙa maƙogwaro, suka kwana suna bubbuga juna don kada jini ya daskare. Na'urar oksijin ɗin da suke da ita kuma ba ta amfanuwa sai mutum yana tsaye. Da safe suka ja jiki har wajen mita 8,600, inda ba a tabbatar wani ya taɓa kaiwa ba kafin su. Saura kamar mita 250, ƙarfi ya ƙare, suka juyo. Da kaka suka sake gwadawa. Ƙanƙara ta faɗo ta kashe wani Sherpa, Mingma Dorje, iskar hunturu kuma ta kore su daga wajen mita 8,100. Tenzing ya sauko ya kwanta asibiti, zazzaɓi da gajiya sun rame shi.

Lissafi daga bisa zuwa ƙasa

Turawan Ingila sun san in ba su kai a 1953 ba, izinin 1954 na Faransawa ne. Suka ba Kanal John Hunt, hafsan soja, ragamar ayari. Hunt ya zauna a Landan tun ƙarshen 1952 ya yi lissafinsa daga bisa zuwa ƙasa. In mutum biyu za su kwana a zangon ƙarshe, resho nawa da tukunyar oksijin nawa suke bukata? Mutum nawa za su kai musu kayan? Su kuma masu kaiwar, me za su ci, ina za su kwana, wa zai kai nasu kayan? Haka lissafin ke faɗaɗa har ya sauko gindin dutsi ya zama ɗaruruwan mutane. Madugan ayarin gishirin Bilma ai sun san irinsa: tun a Abzin ake ƙidaya damin ciyawar raƙuma, a riƙa ajiye wasu a hanya saboda komowa, tunda Tenere ba ta ba kowa bashi.

Akwai kuma wani likita mai binciken jikin ɗan Adam, Griffith Pugh, wanda ya bi wani ayari zuwa dutsin Cho Oyu a 1952 yana auna mutane. Ya gano busasshiyar iskar bisa tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi, don haka kowa sai ya sha lita uku zuwa huɗu a yini, kuma ruwan nan sai an narka ƙanƙara, wato sai da resho mai kyau da man da zai isa. Ya ce a ƙara yawan oksijin ɗin da ake shaƙa zuwa lita huɗu a minti, a ba mutane sukari sosai, a tsare tsabtar ruwa da ta girki, a kuma ba jiki makonni ya saba kafin a tunkari dutsin. Takalma da tantuna da rigunan sanyi, sai da aka kai su duwatsun Suwis aka gwada cikin hunturu kafin a ɗaure kaya.

Da saƙon Hunt ya iso Darjilin, Ang Lhamu ba ta so ba, don ta ga halin da mijinta ya komo. Tenzing ya yarda bisa sharaɗin zai yi madugu kuma zai kasance cikin masu hawa. Ya shiga nasa shirin. Da asuba yakan cika jaka da duwatsu ya goya, ya yi ta hawa da sauka a tuddan gari. Ya bar taba, ya bar giya. Ya zaɓi Sherpa 20 da ya san aikinsu, ciki har da ɗan 'yar uwarsa, Nawang Gombu, wanda ya fi kowa ƙuruciya a cikinsu.

Da aka haɗu a Katmandu a watan Maris, rigima ta soma tun daren farko. Turawa suka sauka a gidan jakadan Ingila, Sherpa kuwa aka kai su garejin motoci, ko makewayi babu. Ran mutanen ya ɓaci ƙwarai. Daga baya aka sake gardama kan tufafi da takalman da aka raba musu, nasu ne ko aro ne. Tenzing ne a tsakiya, shi da Manjo Charles Wylie mai jin harshen Nepal, har aka daidaita. Da Sherpa sun yi fushi sun koma gida a makonnin nan, da lissafin Landan ya tashi a banza.

Ranakun 10 da 11 ga Maris ayari ya tashi kashi biyu, 'yan dako fiye da 350, maza da mata, kowa da kaya wajen kilo 27, an ɗaure da igiya an rataya a goshi. Ba hanyar mota. Har kuɗin biyan lada sai da aka ɗaukar musu 'yan dako, don mutanen ƙauyukan ba su yarda da takarda ba, sai tsaba. Nisan ya yi kamar daga Dogon Dutsi zuwa Yamai, sai dai nan kullum a hau tudu a gangara kwari a ƙetare kogi. Kwana 17 suka yi kafin su isa Tengboche, mita 3,867. A nan suka yada zango kusan mako uku. Aka raba su ƙungiya-ƙungiya, su hau ƙananan duwatsun kewaye masu mita 5,500 zuwa 6,000, su gwada na'urorin iska, su komo su huta. Sannu ba ta hana zuwa.

Zango tara

Daga babban zangon gindin dutsi, wanda shi kansa ya haura mita 5,300, abu na farko da ke gaba shi ne gangaren ƙanƙarar Khumbu. Daskararren kogi ne da ke gangarowa a hankali yana tsagewa, da curin ƙanƙara kamar gidajen bene, da ramukan da ba a ganin ƙarshensu. Da tsanin ƙarfe da gungumen icce aka yi gadoji, aka kafa tutoci don nuna hanya, Sherpa suka yi makonni suna ratsawa da kaya. A nan wata rana ƙanƙara ta karye da Hillary ya zurma rami. Tenzing da ke bayansa ya kafa gatari ya riƙe igiya. Daga ranar suka zama abokan igiya ɗaya.

Bayan nan sai bangon dutsin Lhotse, inda George Lowe ya yi fiye da kwana goma yana sarar hanya, sannan wani wuri mai kama da sirdi tsakanin Lhotse da Everest, kusan mita 7,900. Duk lissafin ya rataya ne a kan kai kaya sirdin nan, kuma kwanaki suna ta tafiya. Ranar 21 ga Mayu Wilfrid Noyce da Annullu suka buɗe hanyar. Tenzing da Hillary suka hau suka iske 'yan dakon da ke jira a zango na bakwai, gajiya da fargaba sun kama su. Tenzing ya bi su yana lallashi, washegari ya shige gaba, Sherpa fiye da goma suka bi shi da kaya har sirdin. Aikin madugu ke nan.

Ranar 26 ga Mayu mutum biyu na farko, Tom Bourdillon da Charles Evans, suka kai ƙaramar ƙololuwar kudu, mita 8,750. Saura kamar mita 100, amma na'urar iska ta ba su wahala, lokaci ya ƙure, suka juyo da ransu, suka ba na baya labarin hanya. A ranar Hunt da kansa, tare da Da Namgyal, suka kai kaya gaba da sirdin suka ajiye. Ranar 28 ga wata Lowe da Alfred Gregory da Ang Nyima suka raka Tenzing da Hillary da sauran kayan har wajen mita 8,500, suka sauke suka koma. Zango na tara ke nan.

Ku gwada daren nan da na bara. Wannan karon akwai buhun barci, akwai resho, akwai oksijin na barci. Suka sha ruwan lemun tsami mai zafi da sukari har suka ƙoshi, suka ci kifin gwangwani da biskit da dabino. Da asuba takalman Hillary sun daskare, sai da aka gasa su bisa resho. Ƙarfe 6 da rabi suka fita. Ƙarfe 9 suna ƙaramar ƙololuwa. Suka ci karo da wani bangon dutsi mai tsawon mita 12, Hillary ya kutsa ta tsagar da ke tsakanin dutsi da ƙanƙara, Tenzing ya biyo. Ƙarfe 11 da rabi babu sauran abin hawa.

Tenzing ya ɗaga gatarinsa da tutoci huɗu a ɗaure, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta Birtaniya, ta Nepal da ta Indiya, Hillary ya ɗauke shi hoto. A wuyansa akwai jan gyalen da Lambert ya ba shi. Ya tona ƙanƙara ya binne alewa da ɗan fensir ɗin da ɗiyarsa ta ba shi, bisa al'adar addininsa. Suka duba sauran iskar da ke tukunya, suka kama hanyar sauka. Duk ayarin ya komo gida ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Bayan an sauko

Labari ya bazu a Landan ranar 2 ga Yuni, ranar bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta biyu. Aka ba Hunt da Hillary sarautar Sa, irin wadda aka ba Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato daga baya. Tenzing kuwa lambar George aka ba shi, abin da mutane da yawa suka ɗauka bambanci ne. A Nepal 'yan siyasa suka tare shi a hanya suka sa ya sa hannu a takardun da ba ya iya karantawa, masu cewa shi ya riga Bature kaiwa. Nepal ta ce nata ne, Indiya ta ce nata ne. Firaministan Indiya Jawaharlal Nehru ya jawo shi jiki ya ba shi fasfo. A littafin tarihinsa da ya fito a 1955, wanda ya faɗa da baki wani marubucin Amurka, James Ramsey Ullman, ya rubuta, Tenzing ya kashe gardamar da kansa. Ya bayyana cewa Hillary ne ya fara taka wurin, shi yana biye, igiya ɗaya ta haɗa su.

A 1954 aka buɗe makarantar koyon hawan dutsi ta Himalaya a Darjilin, aka naɗa shi shugaban horo a fili. Ya riƙe aikin fiye da shekara 20, har 1976, yana koya wa matasa abin da shi ya koya da wuya. A 1965 ayarin Indiya ya kai mutum tara ƙololuwar Everest, ciki har da Nawang Gombu, wanda ya zama mutum na farko da ya hau sau biyu. Tenzing kansa bai sake hawanta ba. Ya koma raka ayarin masu yawon buɗe ido, ya kafa kamfaninsa na shirya tafiyar dutsi a 1978. Ya rasu a Darjilin ranar 9 ga Mayu na 1986, yana da shekara 71. Ɗansa Jamling ya hau Everest a 1996, kuma a 2008 aka sa wa filin jirgin saman Lukla, ƙofar shiga Khumbu, sunan Tenzing da Hillary.

Yau dubban mutane ke zuwa gindin Everest kowace shekara, kuma ga ƙa'idar da likitoci ke ba su. In an haura mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da fiye da mita 500. A huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu, a sha ruwa sosai, wanda ciwon bisa ya tsananta masa a sauko da shi nan take. Haɗarin ma bai sake wuri ba, yana kan masu ɗaukar kaya. Ranar 18 ga Afrilu na 2014 ƙanƙara ta rufto a gangaren Khumbu ta kashe ma'aikata 16, dukansu 'yan Nepal, suna kai kayan baƙi bisa.

Hoton da duniya ta sani mutum guda ne a cikinsa, fuskarsa a rufe da na'urar iska. Ƙarƙashin ƙafafunsa akwai zango tara da mutum wajen 400, mafi yawansu ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Shi ya san su, tunda a cikinsu ya fito. Muna gaida 'yan uwanmu da ke dako yau a kasuwar Dantokpa ta Kwatano da Ajame ta Abijan, da masu haramar tafiya mai nisa bayan an gama girbi. Kafin ku ɗaura kaya ku tambayi wane ne madugu, ku ƙidaya ruwa da guzuri har na komowa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.